Idan Akwai Shakka, Takobi Ya Koma Kube

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa ko teburin mai shayi a Darna Sabon Gari cikin 'yan shekarun nan ya san inda hira take ƙarewa. Akan fara da farashin gero da canjin sefa a bakin iyaka, a taɓa cinikin shanu na kasuwar Illela, daga nan sai a gangaro kan 'yan bindiga: wane ƙauye aka shiga, wa aka ɗauke, nawa aka biya. Can sai wani ya buga cinya ya ce, "Ai maganinsu guda ne. Duk wanda aka kama a kashe shi, kada a tsaya wata shari'a." Wanda ya san abin da mutanen gabashin Sakkwato suka gani ba zai yi saurin ganin laifin mai wannan magana ba. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa, ko ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, ba ka da bakin da za ka ce masa ya cika zafin rai.

Sai dai akwai tambayar da zafin rai yakan tsallake. Shi wannan da aka kama, shi ne ya aikata? Wa ya gan shi? Yaya aka yi ya amsa?

Halaccin hukuncin kisa a kan kansa ba shi ne abin da ya dame mu a nan ba. Musulunci ya zo da ƙisasi da haddi. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda a ɗauki ran mutum idan kotu ta same shi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma tun a 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin wannan hukunci a shari'ar Onuoha Kalu. Maganarmu a kan wuri ɗaya take: idan ba a tabbatar ba, idan akwai ƙofar da gaskiya za ta iya kasancewa ta bi ta wani wajen, ya halatta a kashe?

Daga Gwadabawa zuwa Sakkwato

Amsar tana kan hanyar da muke bi kullum. Wanda ya tashi daga Illela zai tafi Sakkwato sai ya ratsa Gwadabawa. A babbar kotun Shari'a ta wannan gari ne, ranar 9 ga Oktoba 2001, aka yanke wa Safiya Hussaini ta ƙauyen Tungar Tudu hukuncin jefewa. Bazawara ce, an same ta da ciki. Mutumin da ta ambata ya musa, ba a sami shaidu huɗu a kansa ba, aka sallame shi. Ita kuwa cikin da kalaman bakinta suka zama hujja a kanta. Ba ta da lauya a wannan zama. Aka jinkirta zartarwa har ta gama shayarwa.

Labarin ya zaga duniya, Turawa suka yi ta hayaniya, har birnin Rum ya karrama ta daga baya. Wannan hayaniya ce ta sa mutane da yawa har yau suke zaton matsin lambar waje ne ya kuɓutar da ita. Wanda ya duba hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta yanke ranar 25 ga Maris 2002 zai ga hujjojin da aka kafa daga cikin gida suke. Alƙalan sun lura cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar hukunce-hukuncen Shari'a ta jihar ta fara aiki a farkon 2001, kuma ba a hukunta mutum da dokar da ba ta wanzu ba lokacin da ya yi abin. Sun lura ba a fayyace mata ma'anar zina a shari'ance ba, ba a bayyana rana da wurin da abin ya faru ba. Sun karɓi janye iƙirarinta, domin a fiƙihun Malikiyya wanda ya amsa laifin haddi yana da damar ya janye. Sun kuma duba maganar kwantaccen ciki: malaman mazhabar sun yarda ciki yana iya daɗewa har shekaru bayan rabuwar aure, don haka ana iya jingina shi ga tsohon miji. Likitan zamani zai yi gardama a kan wannan, amma aikin da ƙa'idar take yi a fili yake. Ƙofa ce da malamai suka bari a buɗe don kada a kashe mace, a kuma sheganta ɗa, a kan abin da ba a tabbatar ba.

'Yan kwanaki kafin a sallami Safiya, wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta ƙauyen Kurami irin wannan hukunci. Babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta 2002. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe shi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Kotu biyu sun ce a kashe, ta uku ta ce a'a. Hausawa suka ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Da an yi gaggawa bayan kotun farko, da wa za a kai wa hukuncin kotu ta uku?

A cikin watannin shari'ar Safiya ne kuma aka rataye Sani Yakubu Rodi a kurkukun Kaduna, ranar 3 ga Janairu 2002, bayan wata kotun Shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Laifi ne mai tayar da tsigar jiki, kuma ba cewa muke yi bai aikata ba. Abin lura shi ne bai da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, kuma tsakanin yanke hukunci da rataya bai wuce wata biyu ba. Babu wata kotu ta sama da ta sake auna hujjar. Bambancin ƙarshen waɗannan shari'o'i ya nuna cewa sau da yawa tsakanin mutum da igiya, lauya ne da lokaci.

Mahaucin da ya amsa laifin da bai yi ba

Mutane kan ce, "Ai ya amsa da bakinsa, me ya rage?" Ibnul Ƙayyim ya kawo wani labari a littafinsa na hanyoyin yanke hukunci wanda ya kamata kowane alƙali da kowane ɗan sanda ya haddace. A zamanin Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, an iske wani mutum a cikin kango, riƙe da wuƙa jina-jina, ga gawa kwance a gabansa. Aka tambaye shi, ya ce shi ya kashe. Ana shirin yi masa ƙisasi sai wani mutum ya sheƙo a guje ya ce a dakata, shi ne ya yi kisan. Da aka tambayi na farko dalilin amsa abin da bai yi ba, sai ya ce shi mahauci ne. Ya yanka saniya da asuba, fitsari ya matse shi, ya shiga kangon da wuƙarsa a hannu, ya yi kiciɓis da gawar. Yana tsaye yana mamaki masu gadi suka cim masa. Ya duba ya ga ba wanda zai yarda da shi, sai ya amsa ya bar wa Allah. Ƙarshenta aka saki dukansu biyu, aka biya diyyar mamacin daga baitulmali.

Dubi abin da aka tara a kan wannan mahauci: wuƙa, jini, gawa, shaidun da suka same shi a wurin, da iƙirarin bakinsa. Da a kotunmu ta yau ce, da an ce shari'a ta ƙare. Amma duk da haka ba shi ba ne.

Saboda irin wannan ne Shari'a ta tsananta. Malamai suka kafa ƙa'ida cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Akwai ruwaya a Tirmizi daga Nana A'isha da ke nuna cewa shugaba ya yi kuskure wajen yafewa ya fi masa alheri a kan ya yi kuskure wajen hukuntawa, kuma ko da malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, malaman fiƙihu na dukkan mazhabobi huɗu sun yi aiki da ma'anarta. Lokacin da Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana amsa laifin zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawar da kai daga gare shi har sau huɗu, ya bincika ko yana da taɓin hankali, ya bincika ko ya sha wani abu. Mai laifi ne yake neman a hukunta shi, shugaba kuma yana neman masa mafita. A Muhtasar na Halilu, wanda alƙalanmu suka tashi da shi, an shardanta cewa iƙirarin sata ya kasance da son rai, in an tilasta shi ba a yanke hannu da shi. In hannu ya sami wannan kariya, ina ga wuya?

Yanzu mu dawo caji ofis. Kowa ya san yadda ake cewa, "A kai shi ciki, zai yi bayani." Mutumin da bai iya karatun boko ba, an rubuta bayani da Turanci, an kama babban yatsansa an dangwala, shi ke nan takarda ta zama bakinsa. Doka ta san da wannan ɓarna. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta tanadi a ɗauki iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan wanda ake tuhuma laifi mai zaman kansa. Dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu ta hanyar matsi ba. Dokokin suna nan a rubuce. Aiki da su ne ya yi ƙaranci, musamman a ƙauyukan da ba a san ƙofar ofishin lauya ba.

Kuskuren da ba ya gyaruwa

Duk wani hukunci yana da hanyar komawa baya. Wanda aka ci tara bisa kuskure a mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka ɗaure a buɗe masa ƙofa, a ba shi haƙuri, ko da shekarun da ya rasa ba za su dawo ba. Wanda aka kashe fa?

A jihar Oyo, wata kotu ta yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa bisa tuhumar fashi da makami. Ya ɗaukaka ƙara. Ƙarar tana gaban kotu ba a saurare ta ba, aka fitar da shi aka kashe a watan Satumba 1981. Iyalansa suka kai gwamnati ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan haramtacce ne, ta ce a biya su. Sun ci shari'a, amma kuɗi aka miƙa musu, Nasiru bai dawo ba, kuma har abada ba za a san abin da kotun ɗaukaka ƙara za ta ce a kansa ba.

Wannan ba ciwon ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 bisa kashe 'yarsa. Babban mai ba da shaida a kansa maƙwabcinsa ne, John Christie. Bayan shekara uku aka gano gawawwakin mata a ɓoye a gidan da Christie yake zaune, ya tabbata shi ne makashin da ke cikin gidan. A 1966 aka yi wa Evans afuwa yana cikin kabari. A Amurka, mai ɗakunan bincike da manyan lauyoyi, fiye da mutum 190 da aka yanke wa hukuncin kisa daga 1973 zuwa yau an wanke su daga baya, wasu ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta. In masu waɗannan kayan aiki suna kuskure haka, me za mu ce da namu bincike, inda sau da yawa ba a ɗaukar ko zanen yatsa, gawa kuma ana binne ta kafin likita ya gani?

Gwamnatin Nijeriya da kanta ta taɓa amsa wannan. Kwamitin nazarin hukuncin kisa da Shugaba Obasanjo ya kafa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartarwa har sai an gyara harkar bincike da shari'a. Ba a mai da shawarar doka ba, amma gwamnoni sun ja hannu daga sa hannu a takardar kisa. Na ƙarshe da aka sani an zartar shi ne a Benin ta jihar Edo, mutum huɗu a 2013 da mutum uku a watan Disamba 2016. Yau fiye da mutum 3,000 ne ke zaman jiran hauni a gidajen yarin ƙasar. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya shekara 10 bayan ƙarewar ɗaukaka ƙararsa ba a zartar ba. Maƙwabtanmu kuwa, da ke ƙetaren iyaka a Birnin Ƙonni, har yanzu hukuncin kisa yana cikin dokarsu, amma rabon Nijar da ta zartar da shi tun 1976.

To, haƙƙin wanda aka kashe fa?

Wannan ita ce hujja mafi nauyi ta masu cewa a gaggauta, kuma ba a ture ta da hannun hagu. Jinin mamaci ba ruwa ba ne. Lokacin da aka kashe wata yarinya mai suna Hanifa a Kano, kotu ta yanke wa mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, hukuncin kisa a watan Yuli 2022, kusan ba wanda ya ji tausayinsa, domin hujjoji sun haɗu, an bi matakan shari'a, yana da lauya. Inda aka sami tabbas irin wannan, jan ƙafa ma zalunci ne ga iyalan mamaci, kuma shi ne ke sa jama'a su fid da rai daga kotu.

Amma a duba da kyau. Idan aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, me aka yi wa mamacin na farko? Ba a rama masa komai ba. Makashinsa yana nan yana yawo, hankalinsa ma ya ƙara kwanciya tunda an rufe fayil. Gawa ɗaya ta zama biyu, marayu sun ƙaru, kuma jinin na biyu yana wuyan duk wanda ya sa hannu: mai shaidar zur, mai binciken da ya yi duka, alƙalin da ya yi sakaci, da wanda ya sa hannu a takarda. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, bai ware hukuma ba.

Kuma tsayar da kisa saboda shakka bai zama dole ya zama saki ba. Inda aka tabbatar da wani ɓangare na laifi, akwai ta'aziri, akwai ɗauri, akwai diyya. Ko a ƙisasin da ya tabbata, Shari'a ta ba waliyyan mamaci zaɓin yafewa ko karɓar diyya, ta kuma kwaɗaitar da su a kan yafewar. Wanda yake kurkuku ana iya sake duba shari'arsa gobe idan sabuwar hujja ta fito, ko don a wanke shi ko don a ƙara kama shi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Kotun tsakiyar kasuwa

Gaskiyar magana, yawancin hukuncin kisa da ake zartarwa bisa zato a ƙasarmu yau ba a kotu ake yanke shi ba. A kasuwa ne, a tasha, a bakin daji. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo" ko "infoma", cikin minti kaɗan an tara masu ƙara da shaidu da alƙalai da hauni, duk a jikin taro ɗaya.

Mun ga abin da wannan ya haifar a maƙwabtanmu. A watan Oktoba 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani 11, har da limami, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ba kotun da ta saurare su. Cikin wannan watan 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Jinin da aka zubar bisa zato bai kawo tsaro ba, sai ya ba azzalumai abin fakewa.

Ranar da abin ya juyo kanmu kuwa, mun ji zafinsa. A ƙarshen Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano don yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Duk Arewa ta ɗauki kuka, muna cewa me ya sa ba a bincika ba, me ya sa ba a miƙa su ga hukuma ba. Tambayoyin daidai suke. Su ne kuma tambayoyin da ya kamata mu yi wa kanmu duk ranar da aka kama baƙo a kasuwarmu. Mutanen Uromi ma suna da gawawwakinsu da kuɗin fansar da suka biya, su ma sun tabbata a ransu cewa sun kama masu laifi. Bindigar farautar nan ita ce wuƙar mahaucin zamanin Sayyidina Ali.

Garin iyaka irin namu ya fi kowa buƙatar wannan hankali. Kullum baƙi ne ke ratsawa: fatake, makiyaya, 'yan ci-rani, masu neman magani, waɗanda harshensu ko shigarsu ta bambanta da tamu. Baƙo ba shi da wanda zai tsaya ya ce na san shi, don haka shi ne zato ya fi saurin ci.

Abin da ke hannunmu

Ba kowa ne alƙali ba, amma kowa yana iya zama shaida, ko ɗan'uwan wanda ake tuhuma, ko ɗaya daga cikin taron da ya kewaye wani. In an kira ka shaida, faɗi abin da idonka ya gani, ka bar abin da ka ji ana faɗa. "An ce" ba ta isa ta ɗauki ran mutum ba. In an kama naka da tuhuma mai hukuncin kisa, ka sani doka ta wajabta ya sami lauya, kuma akwai hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi da aka kafa tun 1976. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. In an yanke hukunci, a tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara a kuma yi ta cikin lokaci, domin ita ce ta raba Safiya da duwatsu. Malamai su riƙa karantar da babin shaida da babin shubuha da irin ƙarfin da suke karantar da babin haddi. Hakimai da masu unguwanni su ja kunnen matasa cewa wanda aka kama hannun hukuma ake kai shi da ransa. Hukuma kuma ta san cewa duk ɗan bindigar da aka kama aka sake shi ta bayan fage, ita ce take koya wa jama'a ɗaukar doka a hannunsu.

Mutanen da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya sun san abin da suke faɗa. Mai laifin da ya tsere wa kotun duniya yana da wata kotu a gabansa da ba a ba da cin hanci, ba a ɓatar da fayil. Marar laifin da muka kashe kuwa, a waccan kotun shi ne mai ƙara, mu ne za a kira mu kawo hujja. Idan aka tambaye mu a can, "kowa ya ce shi ne" ba za ta karɓu ba.